Ramukan Gindin Katanga

Litinin, 7 ga Afrilu

Yau na koma aiki bayan hutun aikin ido. Likita ya cire yanar, ya ce yanzu zan ga duniya tas. Da na san abin da zan fara gani ke nan, da na roƙe shi ya bar min ita.

Filin bayan masana'anta. Tun ranar da kamfanin nan ya fara buga kwali nake aske filin nan, gashin kaina ma bai samu kulawar da ya samu ba. Ruwan da ke fitowa daga injuna bai taɓa barinsa ya san rani ba, in ka ɗauke masa ido kaɗan sai ya miƙe maka tsaye. Yau na tarar da ciyawa har gwiwa, daga bakin kududdufi har gindin katanga. Ga busassun itatuwa an jibge a kusurwa kamar za a ƙona gawayi.

Na tambayi Dogo maigadi ko mutuwa aka yi a bayana. Ya ce a'a, haihuwa aka yi, an haifo mana sabuwar ma'aikaciya mai kula da muhalli. "Ita ta hana a taɓa. Kai dai ka ɗaura ɗamara, tsoho."

Na rataye hulata a rumfar kayan aiki, na zauna kusa da injin yankan ciyawa. Shi ma ya yi ƙura.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na ga sabuwar ma'aikaciyar. Sa'ar autata ce, in ma ta kai. Takalmin roba har gwiwa, hula mai faɗi. Ta rusuna ta gaishe ni, ta tambayi ido, sannan ta yanka ni cikin ladabi.

Ba yanka a baya. Ba feshi ko'ina. Tulin itacen nan kar a taɓa shi, wai gidan wasu ne. Ruwan injuna kuma sai ya ratsa ta cikin ciyawar ruwa da aka dasa, ya tace, kafin ya faɗa kududdufi. Ta ce kamfani ya ɗauki alkawari, masu sayen kwalinmu ma za su turo mutane su gani da idonsu cikin damina.

"Lambun gaba naka ne, Baba. Baya kuwa mun mayar wa masu shi."

Na ɗauka rigimar gado ce ta taso. Na ce su wa?

"Kwaɗi, bushiya, ƙudan zuma, zalɓe. Duk sun riga kamfani zuwa."

Na ce ni ma na riga ki zuwa, 'yata, ba wanda ya mayar min da komai. Ta yi dariya sosai. Ni kuwa ba wasa nake ba.

A tatsuniyoyin kakata, duk inda kwaɗo ya shigo labari, to ka zuba ido, wani zai yi asara.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Manaja ya kira ni. Ya ba ni kujera, nan take gabana ya faɗi. Wanda za a yaba wa a tsaye ake barinsa.

Ya ce na san shekaruna sun wuce na aiki tuni, shekara-shekara suke sabunta min saboda mutunci. Bana aikin lambu ya ragu. "Mu ga ƙarshen damina, Baba, sai mu zauna."

Na ce Allah ya kai mu, ranka ya daɗe.

Ba albashin ne ya tsaya min a wuya ba. Katin asibitin kamfani ne. Da shi Uwar yara ke karɓar allurar sukari da ƙwayoyinta duk wata. Ranar da aiki ya tafi, kati ya bi shi.

Ban gaya mata ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na gama lambun gaba kafin hantsi. Sauran yinin na share inda na riga na share.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Uwar yara ta ce kwanan nan ina cin abinci kamar mai zaman makoki. Na ce idon ne. Ta ce ita ba ta san ana tauna da ido ba.

Na tuna abokina tsohon direban kamfani. Da aka sallame shi ya sayi kujerar roba ya dasa a ƙofar gida. Duk wanda ya wuce sai ya tare shi da labarin hanya. Da na je gaishe shi bara, labarin ma ya ƙare masa, sai kallon titi.

Dole in samo abin da zan nuna. Mutum ba ya zama yana jiran a gano cewa babu shi ma ana iya kwana.

Laraba, 23 ga Afrilu

'Yar muhalli ta tafi kwas, sai bayan makonni. Kafin ta tafi ta ja ni bakin kududdufi ta nuna min ruwan. Gaskiya ya yi haske, da can kalar shayi ne mai kumfa. Ban faɗa mata ba, kar kanta ya kumbura. Na ce macizai fa? Ta ce yawancinsu ɓera suke nema, ba ni ba. Na ce ragowar da ba sa cikin yawancin nan su nake tambaya.

Bayan tafiyarta na bi gindin katanga da sanda ina buga ciyawa. Katangar nan bara aka gina ta, ita ta raba mu da hanyar tireloli da ɗan jejin da ke ƙetare. Sai ga rami a ƙasanta, faɗin tafin hannu biyu, kana hango kwalta ta ciki. Na ƙara gaba, ga wani. Ga wani kuma. Haka har kusurwa, ciyawa ta rufe su ba mai gani.

Aikin 'yan kwangila ne, na sani. Lokacin da nake kwance sun zo jan bututun ruwa, kuma ɗan kwangila bai taɓa rufe abin da ya buɗe ba. Ƙofa ce wannan a buɗe ga ɓera da maciji, kai tsaye zuwa ma'ajiyar kwali.

Sabon idon nan ya fara biyan kuɗinsa. Raina ya yi fari yau.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na toshe su duka.

Ban nemi siminti a sito ba, don sai an kai wa Manaja ya sa hannu, ni kuma so nake ya ga aiki a gama. Na ɗauko nawa na gida, ragowar gyaran banɗaki. Uwar yara ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon ina ɗora buhu a keke. "Yanzu kuma mu ne ke tallafa wa kamfani?" Na ce ki bari, shuka nake yi.

Na kwaɓa shi da ƙarfi, yashi kaɗan siminti da yawa, na cusa duwatsu, na shafe da cokalin gini har ba ka gane inda ramin yake. Gwiwa ta yi ta kuka ban saurare ta ba. Rabin buhu ya rage, na mayar ƙarƙashin gado.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na tare Manaja a wajen ajiye motoci, Dogo na tsaye yana riƙe masa ƙofa. Na ce ranka ya daɗe, ramukan da aka bari a katangar baya na toshe su, da simintina. Yana duba waya ya ce, "Madalla, Baba. Irin ku ne ƙashin bayan wurin nan."

Na maimaita wa Uwar yara har sau uku. Ta ce ta ji tun na farko.

Litinin, 12 ga Mayu

'Yar muhalli ta dawo da yamma, ba ta ko shiga baya ba, sai kallon gabas take kamar manomi. Hadari ya haɗu. Ta ce, "Baba, in ruwan nan ya sauka gobe za ka ga abin mamaki." Na ce a shekaruna mamaki ya rage kaɗan.

Talata, 13 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

An kwana ana ruwa. Da sassafe na biyo hanyar tireloli a keke kamar kullum, sai na ji taya tana santsi. Na sauka. Kwaɗi ne. Kwalta duk ta yi baƙi da su, wasu a mitsike, wasu na jan rabin jiki. A gindin katanga kuwa, ta waje, sun taru tuli-tuli, wani kan wani, suna tura baki jikin siminti. Daidai wuraren da na shafe. Ba su tsaya ko'ina ba sai nan, ina jin damshin kududdufi suke shaƙa ta tsagin. Wanda ya gaji ya juyo kan hanya, tirela ta bi ta kansa. Har da kififiya guda, ƙoƙon bayanta a fashe.

Ko a lokacin ban gane ba. Wallahi cewa na yi a raina, gara da na toshe, da duk wannan sun shigo mana.

Sai ga 'yar muhalli da gudu ta zagayo ta waje, ko hular ba ta sa ba. Ta durƙusa a cikin taɓo tana shafa katanga da hannu biyu kamar mai neman ƙofa a duhu. Ta ce, ba da ni take ba, "Ina ƙofofina?"

Sai a nan na gane.

Ashe duk rani a jejin can suke kwanciya cikin ƙasa, ruwan fari na sauka su taho kududdufi su zuba ƙwai. Haka suke yi tun kafin a san za a yi kwali a duniya. Katangar bara ta tare su, shi ya sa ta sa aka fasa musu hanya lokacin da nake kwance da ido a ɗaure. Ni kuma na zo da cokalina.

Ba sai na yi magana ba. Aikin hannuna ba ya ɓuya, duk wanda ya san dakalin ƙofar kamfani ya san shafena. Ta dube ni, ta dubi katanga. "Baba?" Na ce na'am. Shi ke nan abin da muka ce wa juna.

Ta tsayar da tireloli da kanta, ta tsaya tsakiyar hanya ta buɗe hannuwa. Direbobi na ta danna mata hon. Ta aika a kawo bokitai daga ɗakin shara. Muka shiga kwasa, ni da ita da mata masu shara, a cika bokiti a zagaya ta babbar ƙofa a juye a bakin ruwa. Ni da ban taɓa kama kwaɗo ba tun da aka haife ni. Sanyi gare su, kuma zuciyarsu na bugawa a tafin hannu, wannan ban sani ba. Ɗaya ya yi min fitsari. Yana da gaskiya.

Waɗanda suka mutu ni na kwashe da shebur. Baro bai ɗauke su tashi ɗaya ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Ofishin Manaja. Yau ba a ba ni kujera ba, kuma ba yabo aka kira ni ba. Ashe dokar tawa ma ba ta tsaya ba.

"Wa ya ba ka izini, Baba?"

Na dube shi. Na nemi madallar nan tasa a fuskarsa, ta yi ƙaura. Yana kallon fanka. Ban tuna masa ba. Abin da babba ya manta da gangan, in ka tuna masa laifinka ya zama biyu.

Ya ce baƙin nan na zuwa wata mai kamawa, wani direba kuma ya ɗauki hoton hanya yana ta yawo a wayoyi. Ya ce za a tuna da wannan idan an zo zama. 'Yar muhalli tana gefe, idonta ja.

Na ce a ba ni guduma da cizal. Abin da na rufe ni zan buɗe.

Alhamis, 15 ga Mayu

Allah ya isa tsakanina da mai kwaɓin nan. Da ɗan kwangila ne ya yi, da ƙafa zan ture shi. Yini guda, rami biyu.

Asabar, 17 ga Mayu

Tafin hannu ya ɗuri ruwa ya fashe. Uwar yara na shafa min man zafi ta ce, "To mai shuka, an fara girbi?" Daga nan na gaya mata komai, har maganar kati.

Ta ci gaba da murza min yatsu. Can ta ce ai ta sani tun watan jiya, ranar da na dawo na rataye hula a ƙusar da ba tata ba. Ta ce in an karɓe kati yara za su yi. Mu duka mun san yaran, kowa da nasa nauyin ya sha kansa.

Talata, 20 ga Mayu

An sake ruwa, ramukan da na buɗe ba su kai rabi ba. Bokiti kuma. Ma'aikata sun raɗa wa 'yar muhalli Uwar Kwaɗi, ni kuma Dogo na kirana Angon Kwaɗi, wai ni ke ɗaukar amare zuwa ɗaki. Na ce kai da ka yi shekaru kana buɗe wa mutane ƙofa ba wanda ya taɓa yi maka waƙa, ni nawa suna yi min.

Amma na ga abu. A ramin da na fara buɗewa, suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ba turereniya, kamar masu bin layin karɓar magani. Na tsaya da bokiti a hannu ina kallo har ta yi min magana. Kalma ta farko ke nan tun ranar. "Baba, bokitinka na tsere." Gaskiya ne, biyu sun haura.

Litinin, 26 ga Mayu

Ramin ƙarshe ya buɗe. Na zauna a ƙasa na kasa tashi.

'Yar muhalli ta zo da ruwan sha ta zauna kusa da ni cikin ciyawa. Ta ce Dogo ya ba ta labarin wajen ajiye motoci. Na ce Dogo bakinsa ya fi ƙofarsa faɗi.

"Mu uku muka toshe su, Baba. Kai da siminti, shi da madalla, ni da shiru. Na zayyana maka komai ranar nan ban da ramukan, don na ɗauka ba za su dame ka ba."

Na ce 'yata, shekara da shekaru ana biyana in rufe rami. In na ga rami hannuna ƙaiƙayi yake. Ta ce ita kuma a makaranta an koya mata halin kwaɗo, ba a koya mata halin mai lambu ba.

Ta ce za ta faɗa wa Manaja nata kason. Na ce kar ki ɓata kanki, ke sabuwa ce. Ta ce ta riga ta faɗa.

Ban san ko hakan zai taimake ni ba. Manya ba sa son wanda ya ga mantuwarsu.

Laraba, 4 ga Yuni

'Yar muhalli ta kawo fenti kore, na zagaye bakin kowane rami ciki da waje. Ta sa an kafa allo a hanya, tireloli su rage gudu in an yi ruwa. Na yanke siririyar hanya a gindin katanga, faɗin mutum ɗaya, da izininta. Injina ya tashi bugu ɗaya, kamar yana jira. Na yi ta jan aikin don kar ya ƙare da wuri.

Talata, 17 ga Yuni

Baƙin sun zo, mace da namiji da na'urar ɗaukar hoto. Na ɓuya a rumfa. Sai ga Uwar Kwaɗi ta jawo su har inda nake. Ta ba su labarin duka, har baron. Na so ƙasa ta tsage. Manaja na murmushin da ba ya kai ido.

Matar ta tambaya ta bakin 'yata ko yanzu me nake gani game da kwaɗi. Na ce har yanzu ba su da kyau. Suka yi dariya suka rubuta. Ko me suka rubuta, oho.

A bakin ruwa talibambam, jariran kwaɗi masu jela, sun yi baƙi, kamar an zubar da shayi. Uwar Kwaɗi ta ce da an bar ƙofofin da sun ninka haka. Ba da zafi ta faɗa ba. Ya dai shiga.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ruwa mai ƙarfi jiya, yashi da leda sun cushe ramuka da dama. Ba wanda ya sa ni, na bi su da sanda na zaƙule. In ba a bi ba kullum, katangar da kanta za ta yi abin da na yi.

Juma'a, 25 ga Yuli

Ranar asibitin Uwar yara. Na miƙa kati a taga, ma'aikaciyar ta juya shi ta ce, "Baba, wannan ƙarshen Satumba zai mutu, a tuna a sabunta." Na ce to. Uwar yara ta shiga gyara mayafi kamar ba ta ji ba.

A hanya ta ce ko za ta riƙa rage allurar tana ajiyewa. Na yi mata faɗan da ban yi ba tun muna yara. Daga baya na sayo mata lemo, ta ce ka manta ciwon da ya kai mu asibitin? Na shanye abina.

Laraba, 13 ga Agusta

Maciji a bakin rami na kusa da kusurwa, yana shan hantsi. Na ɗaga sanda. Ya dube ni, na dube shi. Cikinsa a kumbure, ya haɗiyi wani abu, ina fata ɓera ne. Na ce to, kai ma ka wuce.

Mai sito ya ce bana ɓera bai ci kwali kamar bara ba. Na ɗauki sandata na wuce. Ba na son in ba wa maciji shaida.

Litinin, 1 ga Satumba

Manaja ya wuce ni, na gaishe shi, ya ɗaga hannu bai tsaya ba. Na kwana ina auna hannun nan. Ɗagawar sallama ce ko ta gaisuwa.

Alhamis, 18 ga Satumba

'Ya'yan kwaɗi sun fara fita, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, suna bin ramuka zuwa jeji. Dole in riƙa duba inda zan sa ƙafa. Tafiyar da nake yi kafin shayi ya huce, yau ta kai ni hantsi.

Filin ya yi fure, irin furannin da na yi shekaru ina sarewa ban taɓa barinsu sun nuna fuska ba. Wani shuɗi, wani ruwan ƙwai. Kakata na da sunan kowanne, na tuna biyu, sauran sun bi ta. 'Yar muhalli ta rubuta biyun.

Damina na tattara kayanta. Ba na barci sosai.

Litinin, 29 ga Satumba

An zauna. Manaja ya ba ni kujera, na ce na gode ranka ya daɗe, gara in ji a tsaye.

Ya ce aikin lambu kamar yadda na san shi ya ƙare, ba za a ƙara riƙe mutum don yankan ciyawa ba. Na riƙe bayan kujerar. Sannan ya ce mai kula da muhalli ta nemi a ba ta mutum da zai riƙa bin katanga kowace safiya, ya buɗe abin da ya cushe, ya kula da hanyar ƙafa da 'ya'yan itatuwan da za a dasa a bakin ruwa. Ta ce ba ta son kowa sai wanda ya san ramukan ciki da waje. "Kuma babu wanda ya san su kamarka, Baba." Nan ya ɗan yi tari. Ina jin iyakar abin da zan samu ke nan daga madallar tasa, na karɓa.

Shekara guda. Kati na nan.

Na fito na tarar da Dogo yana washe baki, ya riga ni ji. "Barka da shigowa sana'a. Ni ƙofar mutane, kai ƙofar kwaɗi." Na ce nawa ba sa zuwa a makare, ba sa kuma yi min ƙaryar sun manta katin shaida.

Shekarun nan duka da almakashi da injin, in ƙare a mai gadin rami. Da kakata na raye da ta samu sabuwar tatsuniya. Na shiga rumfa na rufe ƙofa na ɗan jima. Idon nan da aka yi wa aiki yana yawan kawo ruwa.

Asabar, 4 ga Oktoba

An sabunta kati. Uwar yara ta sa shi cikin leda ta ɗaure kamar za a sace.

Yau da safe tana shara ta kira ni bayan gida. Gindin katangarmu, bayan duron ruwa, ƙasa ta zaizaye ta bar rami. Ta ce bushiya ce ke shigowa tana yi mata ɓarna a kwandon shara, ta ga sawunta, har da ƙanana. "Tunda kai ne gwanin toshiya, ɗauko ragowar simintin nan ka rufe min."

Na durƙusa na leƙa. Na ce simintin ya daskare, damina ta cinye shi.

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce to, ta ci gaba da shararta.

Rabin buhun na nan ƙarƙashin gado. Na taɓa shi ɗazu, laushi kamar gari. Gwiwa ce dai ke damuna kwanan nan, ba wani abu ba. In ta yi sauƙi sai a gani.

Tsohon murfin tukunyar da ke bakin ramin da ɗan ruwa a ciki kuwa, ta tambaye ni wa ya ajiye. Na ce gidan nan abubuwa na yawo da kansu.